Yadda ake sa ido kan hayaniyar wutar jirgin ƙasa don kar ta ruɗa sigina

Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yana shan wuta ne ta wayar da aka ja a saman layi, ko ta ƙarfe na uku da ke kwance a gefen dogo, wannan kowa na gani. Abun da ido baya gani shine wutar nan dole sai ta koma tashar da ta fito, kuma hanyar komawarta ba wata bace illa ƙarafan dogon da jirgin ke takawa. To a cikin waɗannan ƙarafan ne dai masu sigina suma suke tura tasu 'yar mitsitsiyar wutar don su san ko akwai jirgi a wuri ko babu. Jirgin da ke jan megawat 5 a layin bolt 25,000 yana zuba wajen amfiya 200 a dogo, wanda ke jan megawat 3 a layin bolt 750 kuwa amfiya 4,000 ne cur, alhali abun da zai iya ruɗa na'urar sigina wani wurin bai ma kai amfiya ɗaya ba in dai ya faɗo daidai firikwensin da take saurare, wato saurin kaɗawar wuta da ake aunawa da haz. Aikin kenan, farautar wannan ɗan ƙaramin, wanda muke kira hayaniya, a cikin wancan babban, kafin a bar jirgi ya ɗauki mutane da kuma bayan an bar shi.

Sai ka riƙe yadda sakit ɗin layi, wato wannan dabarar gano jirgi da wutar sigina, yake aiki tukuna. Wani Ba'amurke William Robinson ne ya fito da dabarar a 1872 kuma har yau asalinta bai canza ba. A yanka dogo gida-gida, kowane gida a sa masa wuta a wannan bakin a sa rile, wato makunnin da wuta ke ɗagawa, a wancan bakin. In babu jirgi wutar ta bi ƙarfe ɗaya ta je rile ta dawo ta ɗayan, rile ya ɗaga, sigina ta samu damar nuna kore. Da jirgi ya shigo sai ƙafafunsa da aksil su haɗe ƙarafan biyu, wuta ta yanke ta nan ba ta isa rile ba, rile ya faɗi, ja ta kama. Ko waya ce ta tsinke ko batir ya mutu, rile faɗuwa zai yi, ma'ana an gina abun ne yadda lalacewa zata kai ga ja.

Hayaniyar jirgi tana ɓata wannan ta fuska biyu. Wani lokaci babu jirgi amma ta rikita na'ura ta nuna ja, jirage su yi cirko-cirko fasinja su yi ta tsaki, asara ce amma kowa zai koma gida lafiya. Ɗayar ita ce abun tsoro, jirgi na tsaye a gidan, wutar sigina ta yanke kaman yadda ya kamata, sai hayaniya ta isa rile da kamannin wutar gaskiya ta ɗaga shi, a ba jirgin baya hanya. Ranar 22 ga Yuni 2009 jiragen cikin birnin Washinton biyu suka yi karo mutum 9 suka rasu, bincike ya nuna na'urar karɓa ta sakit ɗin, wato wadda ke jiran wutar sigina a bakin rile, tana samun wata wutar bogi da ba ta dogo ta biyo ba. Ita daga cikin kayan siginar ta taso ba daga jirgi ba, amma ƙarshen iri ɗaya ne da abun da muke gudu, jirgi na tsaye na'ura na cewa wurin fili ne.

Wani zai ce ai mu namu na dizal ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma dizal yake sha. Haka ne, shi ya sa misalaina galibi na Turai ne, can aka daɗe ana fama da abun har aka rubuta masa ƙa'idoji. Amma Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 daga Marina zuwa Mile 2 ƙarfe na uku gare shi mai bolt 750, layin Addis Ababa zuwa Jibuti bolt 25,000 ne, haka ma jirgin Haramain da alhazanmu ke hawa tsakanin Makka da Madina sai dai shi wutarsa haz 60 ce ba 50 ba. Duk matashin da ya karanta lantarki yake hangen aikin jirgin ƙasa zai ci karo da wannan.

To ɗan'uwa kar ka fara da jirgi, wannan shine kuskuren sabon shiga, ya kwashi kayan awo ya hau jirgi ya cika kwamfuta da lambobi sannan ya dawo bai san me zai kwatanta su da shi ba. Ka fara da siginar. Na'urar karɓa tamkar rediyo ce da aka kafe a tasha ɗaya, duk ihun da ake a sauran tashoshi bai dame ta ba amma wanda ya yi raɗa a tasharta ta ji shi. Saboda haka tambayar farko, layin nan waɗanne tashoshi yake saurare? A layin AC, wato wuta mai kai da komo, kana iya tarar da sakit mai aiki da DC zalla, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir. A kudancin Ingila inda wutar jirgi DC ce an daɗe ana amfani da sakit na haz 50, akwai kuma na haz 83.3 wanda aka zaɓa don ba ninkin 50 bane. Holan suna da na haz 75, Jamus da maƙwabtanta masu wutar haz 16.7 suna da na haz 100, Rasha da Sin akwai na haz 25. Na baya-bayan nan sun hau sama, UM71 na Faransa da ZPW-2000 na Sin suna aiki a haz 1700 da 2000 da 2300 da 2600, TI21 ma a wannan unguwar yake, FTGS na Siemens kuwa daga sama da haz 4,000 ya fara har ya wuce 16,000.

Kuma kar ka yarda da zanen ofis kawai. Ka nemi mai kula da siginar yankin ku buɗe akwatunan gefen layi ka karanta lambar da ke jikin kowace na'ura da idonka, musamman a tashoshi da wurin ajiye jirage da rassan da ba a cika bi ba, nan ne tsofaffin kaya ke maƙalewa bayan an sabunta babban layi, kuma tsohon ne ya fi saurin ruɗuwa. Kowane iri ka samo masa lamba uku, firikwensinsa da faɗin abun da yake ji hagu da dama, sai iyakar karant ɗin da aka yarda jirgi ya zuba a wurin, sai tsawon lokacin da hayaniyar zata yi kafin a ce ta zama laifi. Na ukun nan ake yawan mantawa, alhali rile baya ɗagawa nan take, abun da ya wuce cikin ƙiftawar ido daban yake da wanda ya zauna daƙiƙa biyu. A Turai ƙa'idar EN 50238 ce ta tsara yadda ake wannan daidaitawar, kashi na 2 na sakit ne na 3 na na'urar ƙirga aksil, wata hanyar gano jirgi ta ƙirga ƙafafun da suka shiga gida da waɗanda suka fita. Lambobin kuwa daga wanda ya ƙera na'urar da mai layin zasu fito, a rubuce da sa hannu, ba na baka ba.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. In ka raba 1700 da 50 zaka samu 34, 2000 ya ba ka 40, 2300 46, 2600 52, duk cika ne babu mara. Ba haka kawai aka zaɓe su ba, kayan wutar jirgi sun fi zubar da hayaniya a ninki na mara, wato na 33 da na 35, haz 1650 da 1750, sai aka ajiye siginar a tsakiyarsu. Amma lissafin nan ya dogara ne kan wutar ƙasa ta tsaya daram a 50. In ta sauka 49, ninki na 35 ya dawo 1715, tazarar da take 50 ta koma 15 kenan. A Turai da wuya ka ga wannan, mu kuwa kowa ya san wutarmu ba ta zama wuri ɗaya, balle in layin jirgi da injinansa na kansa yake samun wuta. Don haka ka riƙa naɗar firikwensin wutar layi a duk tsawon gwaji, kuma in an kawo ma takardar cewa jirgin ya ci gwaji a ƙasar da aka ƙera shi ka karɓa ka gode, amma ba ita zata hana ka yin naka ba.

Yanzu sai jirgi. Ka zauna da masu shi su nuna ma zanen wutarsa ka gano inda hayaniya zata iya fitowa. Jiragen zamani inbata ce ke juya injinan ƙafa, tana kunnawa tana kashewa sau ɗaruruwa zuwa dubbai a daƙiƙa, kuma firikwensin da take ba injin yana tashi ne daga kusan sifili ya yi ta hawa tare da gudu, kenan a hanyarsa sai ya ratsa 50 da 75 da 83.3 da 100 ko ka so ko ka ƙi. Ninkinsa na shida ma yana leƙowa a ɓangaren DC, to kaga tun injin yana wajen haz 8.3, jirgi bai ma bar tasha sosai ba, an riga an taɓa 50. Filtar da ke bakin shigar wuta ita ke danne wannan, in kafasitocinta suka tsufa ko wasu suka mutu sai danniyar ta ragu ba tare da direba ya ga komai ba. A jirgin AC kuma na'urorin da ke mayar da wuta DC ana jera lokacin kunnawarsu ne yadda hayaniyar wannan zata cinye ta wancan, kenan ranar da ɗaya ta lalace aka kashe ta, ƙarfin jirgi ya ragu amma hayaniyarsa tana iya ƙaruwa. Sai taransifoma, duk sanda aka mayar da bireka, wato babban makunnin wutar jirgi, bayan an wuce gurbin da babu wuta tana fizgar karant mai ɗauke da DC a ciki na ɗan lokaci, wanda ba ƙaramin abu bane in sakit ɗin wurin na DC ne. Sai tartsatsi, in hannun saman jirgi yana tsalle a kan waya ko takalmin da ke shafar ƙarfe na uku ya faɗa giɓi, wurin da ƙarfen ya katse. A Suwidin ƙanƙarar da ke daskarewa a jikin waya ce ke jawo musu shi. Kar kuma ka manta da ƙananan inbatocin fanka da na'urar sanyaya tarago, suma suna da nasu. Ita tashar wutar ma ba a barta a baya ba, mai mayar da AC zuwa DC tana barin haz 300 ko 600 a layi ko da babu jirgin da ke da laifi.

Kayan awo. Wanda aka fi amfani da shi zoben Rogowski ne, wata igiya ce mai lanƙwasuwa da ake zagaye kebul da ita a ɗaure bakinta, babu ƙarfe a cikinta saboda haka babban karant baya cika ta ta daina gani. Ba ta ganin DC sam, wanda a layin DC alheri ne don ta kawar ma da amfiya 4,000 ɗin nan ta bar ka da abun da kake nema, amma in DC ɗin kake farauta sai ka ƙara sensa irin ta Hall. Inda zaka ɗaura ta yana da muhimmanci fiye da tsadarta, wurin da duka wutar jirgin ke bi, in hanyoyin shiga sun fi ɗaya kowace ka sa mata nata zoben ka naɗe su lokaci ɗaya sannan ka haɗa, don wani karant ɗin yawo yake tsakanin tarago da tarago baya zuwa ko'ina. Kebul ya zauna a tsakiyar zobe, bakin ɗaurin ya yi nesa da sauran wayoyi. Gwaji biyu nake so kowa ya yi kafin jirgi ya motsa. Ka ɗauki siririyar waya ka zagaya ta cikin zoben sau 10, ka tura mata amfiya 0.1 a haz 1700 ko duk firikwensin da ya dame ka, dole allo ya nuna amfiya 1, in bai nuna ba ka tsaya ka nemo dalili. Na biyu, ka ajiye wani zoben a ɗaure kusa da kebul ɗin amma bai zagaye komai ba, duk abun da ya karanta a tafiya ƙarya ce da yake tsinta a iska, da shi zaka san iya inda zaka yarda da na gaskiyar.

Na'urar naɗa kuma ta kasance mai bit 24 in da hali. Mai bit 16 matakai 65,536 gare ta, in ka shimfiɗa su a kan faɗin amfiya 10,000 kowane mataki ya kai wajen amfiya 0.15, ya yi kauri ga wanda ke neman abun da bai kai amfiya ɗaya ba. Saurin ɗaukarta ya fi ninki biyu na firikwensi mafi girma da kake nema, a aikace ma ana ba da rata sosai, kuma lallai akwai filta a gabanta mai tare abun da ya fi ƙarfinta. In babu, ga abun da zai faru, kana ɗauka sau 10,000 a daƙiƙa, akwai wata hayaniya a haz 8,300 da babu ruwanta da kowa, sai ta naɗo ta bayyana ma a 1,700 daidai kan siginar, ka tashi hankalin kamfani guda a kan abun da babu shi. Tare da karant ka naɗi boltejin layi da gudu da matsayin hannun direba da yanayin bireka da wurin da ake ta GPS, duk a agogo ɗaya, in ba haka ba zaka ga tsini a hoto ka kasa cewa a ina ya faru kuma me jirgin ke yi.

Maganar tsira da rai gajeriya ce amma babu wasa a ciki. Ba a hawa rufin jirgi ko a buɗe akwatin wuta sai da takardar izini, an kashe an kulle an haɗa da ƙasa, an kuma jira kafasitoci sun sauke cajinsu an auna an tabbatar. Bayanai daga wurin babbar wuta ta zaren gilashi ake jawo su zuwa inda mutane ke zaune. A ƙasa kuma kar ka kuskura ka kwance kebul ɗin da ke mayar da wuta daga dogo zuwa tasha wai don ka zura zobe, da ka raba shi boltejin da zai bayyana a tsakanin bakunan yana kisa, ai shi ya sa ma zoben yake buɗuwa.

Ranar gwaji layi a rufe yake babu fasinja, kuma an shirya wata hanyar kare jirage da ba ta dogara da siginar da ake gwadawa ba. Ka fara da jirgi a tsaye hannunsa a sauke ka naɗi hayaniyar kayanka kansu, sannan a ɗaga hannu a rufe bireka injina a kashe ka ga abun da layin ke kawowa da kansa, sannan a kunna ƙananan kaya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a fara tafiya, kuma a nan sai ka lallaɓa direba don aikin zai gundure shi, ka ce Malam a taka duka daga tsaye har ƙarshen gudu, a sake da rabin ƙarfi, a sake a hankali yadda jirgin zai daɗe a gudun da ka lissafa cewa nan ne firikwensin inji ke haɗuwa da na sigina, don in an wuce wurin da sauri ba zaka ga girmansa na gaskiya ba. A yi birkin lantarki mai mayar da wuta layi, a saki jirgi ya gangara babu ja babu birki, a yi a gindin tashar wuta a yi can nesa da ita, a jiƙa dogo ƙafa ta yi sulɓi, a bi ta giɓi da gurbin da babu wuta. Sannan a maimaita duka da nakasa, a kashe inbata ɗaya, a kashe biyu, duk yanayin da littafin direba ya yarda a ci gaba da tafiya a cikinsa sai an gwada shi. Wanda ya auna jirgi lafiyayye kawai a rana mai kyau, rabin aiki ya yi a ganina.

Wajen tace bayanai hanya biyu ce. Akwai FFT, ka yanka naɗin gunduwa-gunduwa ka ga ƙarfin kowane firikwensi, gunduwar daƙiƙa 1 tana rarrabe ma haz ɗaya-ɗaya amma tana shafe abun da ya zo ya wuce da sauri, gajeriya kuma ta kama mai sauri ta cakuɗa maƙwabta. Ɗayar hanyar ita ce ka gina filta a kwamfuta mai faɗi da jinkiri irin na na'urar karɓar, ka zuba naɗin a ciki ka ga abun da ita zata ji. Hukunci da ta biyun ko da duk wadda ƙa'idar layin ta ce ake yanke shi, amma neman mai laifi sai hoton FFT, lokaci a kwance firikwensi a tsaye. Layin da ya miƙe baya motsi a 300 ko 600 na tashar wuta ne. Wanda ke hawa da gudu ya sauko da birki na injin ƙafa ne. Zanen da ya tsaga hoton daga ƙasa har sama na ɗan lokaci tartsatsi ne ko bireka. In kaga abu yana nan ko injina a kashe, to jirgin ba shi ke haifar da shi ba, jawo shi yake daga layi ta filtarsa, duk da haka ta dogo yake bi dole a lissafa shi. Kuma jirgi ɗaya baya cinye iyakar duka, ana haɗa biyu a ja tare, ana samun uku ko huɗu a yankin tasha ɗaya, sai an bar wa kowa rabonsa.

Rabin matsalar a ƙasa take. A sakit mai amfani da ƙarafan biyu wajen mayar da wuta, in karant ya rabu daidai hayaniyar wannan ƙarfe tana soke ta wancan, bambancin ne kaɗai ke isa na'urar karɓa. Ka auna kowane ƙarfe jirgi na wucewa, a ce ka samu 520 da 480, bambanci 40 cikin 1,000, kashi 4 cikin ɗari kenan. Kusoshi su saki, ko ɓarayin tagulla su yanke kebul ɗaya da dare, ko dogo ya tsage, sai lambar nan ta yi tsalle, jirgin da jiya ba shi da laifi yau ya zama mai laifi alhali ko fiyus ba a canza masa ba. Shi ya sa ake lissafa iyaka da zaton mafi munin yanayin layi. Ka kuma tabbatar sakit ɗin kansa a saite yake, ana ɗora ƙaramin rizisto a tsakanin ƙarafan a ga ko rile zai faɗi, a Amurka om 0.06 ne ma'aunin, a Ingila an saba da om 0.5. Mai gyaran da ya ƙara wa na'urar karɓa ƙarfin ji don ya huta da kiran dare lokacin damina, ya buɗe wa hayaniya ƙofa ne. In da kuɗi a sa 'yan na'urori a ɗakin rile masu naɗar karant ɗin kowane sakit dare da rana, a haɗa da jadawalin jirage, sai kaga wani sakit kullum yana rawa in jirgi mai lamba kaza ya wuce.

Layin da ke amfani da na'urar ƙirga aksil bai tsira ba, salon ne ya canza. Ita sensa ce a jikin dogo mai aiki da maganaɗisu, daga wajen haz 30,000 har sama da miliyan ɗaya gwargwadon irinta, abun da ke ruɗa ta shine maganaɗisun da ke fita daga ƙarƙashin jirgi, inbata da kebul da birki mai maganaɗisu. Awonta da 'yar eriya ake yi a ɗaure a dogo daidai inda sensar ke zama, mai auna fuska uku, jirgi ya yi ta wucewa a kanta yana ja yana birki. EN 50592 ce ta yi bayanin wannan.

Sai sa ido na dindindin a cikin jirgin, tunda gwaji na rana ɗaya ne kaya kuma tsufa suke. A Ingila ana kiran na'urar ICMU, an sa ta a jirage masu inbata da suka shigo layin ƙarfe na uku, har da Eurostar da ya fara aiki a 1994 yana bin irin wannan layin a wancan lokacin daga Landan zuwa bakin ramin teku mai zuwa Faransa. Sensa ce a kan karant ɗin jirgi, da filta mai sauraren firikwensin sigina kaɗai, da ma'aunin girma da na lokaci, in an wuce duka biyun ta buɗe bireka jirgi ya rasa wuta. Wajen saita ta, lokacin da zata ɗauka ta gano haɗe da lokacin da bireka zai ɗauka ya buɗe dole su gaza lokacin da sigina ke buƙata ta canza. Ta zama mai hanya biyu masu duba juna, ta riƙa gwada kanta da ɗan karant na gwaji, in ita ce ta lalace ta yanke wuta maimakon ta yi shiru, ta kuma ajiye naɗin daƙiƙun kafin yankewa da na bayansa.

Zata yi ta yankewa a kan tartsatsin giɓi da hayaniyar da ba ta jirgin ba, wannan tabbas ne, kuma masu jadawali zasu zo su ce Injiniya don Allah a ɗan ɗaga iyakar nan jirage na makara. Wallahi nan ne aikin yake da wuya don suma gaskiyarsu ce. Amsar ita ce a zazzage naɗin kowace yankewa a ɗora a taswira. In duk a wuri ɗaya suke taruwa ko wane jirgi ne, a je a duba giɓin ko tashar wutar wurin. In jirgi ɗaya ne ko'ina ya je, a shigar da shi gareji a auna filtarsa. In an tabbatar gajeren tartsatsi ne da rile ba zai amsa masa ba ana iya ƙara lokaci, amma da lissafi a rubuce da sa hannun masu sigina. A kuma ƙayyade sau nawa direba zai iya mayar da ita kafin a janye jirgin.

Ko manyan ma abun na kama su. A 2018 gwajin sababbin jiragen Ingila da ake kira Azuma ya nuna suna damun tsofaffin kayan sigina a arewacin birnin York, sai da aka yi gyara a jiragen da kuma kayan gefen layi, ba su fara ɗaukar fasinja ba sai Mayun 2019. Saboda haka a rahotonka ka rubuta lambar manhajar da ke cikin inbata ranar gwajin, da jerin na'urorin siginar da ka kwatanta da su, da yankin layin da sakamakon ya shafa, ka ajiye ɗanyen naɗin ba hotuna kaɗai ba. Ranar da aka sabunta manhajar, ko aka canza kafasito da wani iri, ko aka ƙara tashar wuta, ko aka ce jirgin zai fara bin wani reshe, a ɗauko rahoton a duba wanne ɓangare ne ya tashi daga aiki a sake auna shi.